Gidan Da Inna Ta Kwana

Ranar da Auta ya kai Inna gida na farko, sai da ta buɗe duk wani famfo da ke cikinsa. Ta buɗe na kicin, ta buɗe na banɗaki, ta fito tsakar gida ta murɗa na wanki, sannan ta tsaya tana sauraron ruwa yana zuba ta ko'ina, tana dariya har da riƙe ciki. Dama can mace ce mai arhar dariya, irin tsofaffin nan da ko dubiyar mara lafiya suka je sai an zungure su kafin su nutsu.

"Inna, ki rufe mana, ruwan nan biya ake yi," in ji Auta, yana bin bayanta yana rufewa.

"Bar ni in more. Yanzu duk ɗakunan nan ni kaɗai?"

"Ke kaɗai. Ki zauna abinki kafin a gama naki."

Auta shi ne ɗanta na ƙarshe, dillalin gidaje mai lasisi, da ofishinsa a bakin babban titi da ma'aikata a ƙarƙashinsa. Shi ya sayar da tsohon gidan da mahaifinsa ya bar mata, da alkawarin zai gina mata sabo ɗan madaidaici a wani fili. Filin nan dai har yau ba wanda ya taɓa ganinsa. A gidansa akwai ɗaki, amma matarsa ta ce ana jiran mai fenti. Shi ya sa aka kawo Inna nan, gidan wani mutum ne da ya ba ofishin Auta ya sayar masa, an daɗe ana talla ba wanda ya ko taya. Inna ba ta san wannan ba, ba ta kuma tambaya ba.

Ta ɗaura ɗamara ta shiga aiki. Ta kakkaɓe saƙar gizo-gizo, ta cire ciyawar tsakar gida, ta wanke tagogi, ta rataya labulenta, ta jera tukwanenta, ta dasa barkono a tsofaffin gwangwanaye a gindin katanga. Kafin wata ya ƙare ta san kowa a layin, har ta san wa ba ya ga maciji da wa.

Wata safiya tana cikin suyar albasa sai ga Auta da wasu mata da miji.

"Inna, baƙi ne, irin ginin suke son gani."

Inna da son baƙi. Ta sauke tukunya ta shiga gaba suna biye. "Ta nan rana take fara leƙowa. Wannan tagar kuwa in kika buɗe ta da yamma, ba ruwanki da fanka. Maƙwabciyar nan ta dama mutuniyar kirki ce, sai dai akwai surutu, amma ai ni ma ba baya ba ce."

Matar ta tsaya a kicin ta lumshe ido, ta ce wa mijinta, "Duk gidajen da muka zaga kamar asibiti suke. Wannan ne kaɗai na ji ni a gida."

Auta ya dubi matar, ya dubi uwarsa, aka ga fuskarsa ta washe. A satin aka sayi gidan.

"Inna, tattara kayanki. Na samo miki wanda ya fi wannan. Mai bene ne."

"Bene? Ni ɗin?" Ta rangaɗa dariya, ta ce ashe da rabon za ta riƙa kallon mutane ta tsakiyar kai kafin ta mutu. Barkononta da ya fara fure sau ɗaya ta waiwaya ta kalle shi, ta ce wa zai kai gwangwani gidan bene. Gadonta ma a can aka bar shi, wai matar mai sayen ta ce ya dace da ɗakin, Auta kuma ya ce ba a musu da mai saye a kan tsohon gado.

A gidan bene ta yi sarautarta. Takan hau sama tana hutawa a kowace matattakala, gwiwa na ƙara tana yi mata tsiya, ta tsaya a baranda tana ɗaga wa masu wucewa hannu, wanda ta sani da wanda ba ta sani ba. Shi ma bai daɗe ba aka saye shi. Aka kai ta na gaba, shi ma haka. A nan ne Inna ta gane abin da ake ciki, don ba yarinya ba ce. Amma abin bai ɓata mata rai ba. Gani ta yi tana taya ɗanta neman halak ɗinsa, kuma ai kafin a gama nata ne.

Ofishin Auta ɗaki biyu ne, na ciki mai sanyi nasa, na waje na ma'aikata, da wani allo a bango inda ake rataye makullan gidajen mutane. Manyan ma'aikatansa biyu ne, dillalai marasa lasisi da ke cin abinci a ƙarƙashin nasa. Akwai Dogo, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, akwai Mai Turare, wanda ƙamshinsa ke riga shi yin sallama. Duk ranar da Inna ta leƙo ofishin, su biyun rige-rigen kawo mata kujera suke yi.

"Inna, hannunki akwai albarka," in ji Mai Turare. "Duk gidan da kika kwana sai an saya."

"Ba hannu ba ne, ɗan nan, tsintsiya ce. Gida in ba mai numfashi a cikinsa wari yake yi. Wa zai sayi wari?"

Ana haka hukumar da ke ba dillalai lasisi ta kira su taron bita. Auta ya dawo da jaka mai tambari da sabon tsoro a cikinsa. Ya tara ma'aikata da safe, aka yi dace Inna ta zo karɓar maganin gwiwarta, aka ba ta kujerar baƙi ta zauna tana kallo.

"Daga yau ofishin nan da doka," in ji Auta, yana buga tebur da biro. "Duk makullin da ya bar allon nan, ya dawo kafin a tashi. Ba mai ɓoye wa mai saye aibin gida. Babbar kuma ita ce, ba mai kwana a gidan da aka ba mu amana, ko kyanwa ce, sai da izinin mai shi. Kun san dalili? Duk abin da ɗayanku ya aikata ba shi za a kama ba, ni za a kama. Lasisi nawa ne, wuya ma nawa ne."

Inna ta tafa hannu, baki har kunne. Ta juya ta ce wa Mai Turare, "Ji yaron da sai da aka yi ta fama kafin ya iya ɗaure wando, yau shi ke kafa doka."

Dogo ya sosa ƙeya. "To Yallaɓai, ita Inna fa?"

Auta ya gyara agogon hannunsa, ya ɗan kalli silin.

"Wace Inna? Ni dai a sanina ba kowa a gidan kowa. In ma akwai, ban sani ba. Kuma ina gargaɗinku, kada wanda ya kuskura ya sanar da ni."

Aka kwashe da dariya. Inna ta fi kowa, har da share hawaye da gefen mayafi, tana cewa wannan yaro da wayo kamar ubansa. Ta ɗauka wasa ne.

Daga ranar Auta ya daina sanin inda uwarsa take kwana. Ba mantuwa ba ce, aiki ne da ya riƙe da kyau, ya fi riƙon da ya yi wa duk sauran dokokin. In Dogo ya fara cewa "gidan da muka kai..." sai ya ɗaga hannu ya toshe kunne yana murmushi. Makullai suna dawowa allo kafin a tashi kamar yadda doka ta ce, don Dogo ya yanka wa kowanne na biyu ya ba Inna ta ɗaure a bakin zani.

Inna ta koma hannun Dogo da Mai Turare, su kuwa suka riƙa faɗa a kanta kamar yadda suke faɗa a kan motar ofis.

"Ni na riga ka kamawa, watan nan tawa ce."

"Wace taka? Kai da ka riƙe ta tun kafin ruwa ya sauka? Ina da gida ya ƙi motsi, mai shi har ya fara zagina."

Inna ta zauna a tsakiya tana ƙyalƙyalawa. "Ku yi a hankali kada ku raba ni biyu. Ko ina budurwa ba a yi rububina haka ba."

Abin da ba ta hango ba shi ne, gida mai kyau ba ya buƙatar Inna, da kansa yake sayar da kansa. Wanda ya gagara shi ake kai ta. Iya ƙoƙarinta iya lalacewar gidan da zai biyo baya. Aka kai ta wani a bayan shagon masu walda, inda sai ta yi ihu take jin kanta. Ta share, ta gyara, ta koyi gaya wa masu saye cewa unguwar akwai tsaro don ba a rasa mutane, aka saya. Aka kai ta wani da ba ruwa, tana saye a wurin masu kura, tana cika bokitai ta jera a banɗaki su yi kyau. Aka saya.

Kayanta kuma suka yi ta raguwa. Motar Dogo ƙarama ce, Mai Turare kuwa babur gare shi, kuma dukansu sun ce kaya suna ɓata lokaci. Kujerarta ta tsaya a wani gida, akwatinta aka ajiye a bayan ofis ruwa ya bi ta kansa. Ta koma daga ita sai katifa mai naɗewa, risho, tukunya, labule, tsintsiya da jakar tufafi. Ta ce hakan ma ya fi, ta zama matafiya ba ta ko biya kuɗin mota ba.

Gidan da ya fara taɓa lafiyarta a kwari yake. Bangon ɗakin kwana ya sha ruwa har ya yi baƙi daga ƙasa zuwa ƙugu, ɗakin yana wani sanyi mai shiga ƙashi. Dogo ya buga ƙusa biyu ya ce ta rataya labulenta a nan, kamar ado. A nan tari ya kama ta, irin mai tashi daga can ƙasan ƙirji. In masu saye za su zo, Dogo yakan kawo mata alawar tari ya ce ta tsotsa kafin su iso.

Wata rana ya zo da wani saurayi da matarsa, tana goye da jariri. Suka zaga, matar ta tsaya daidai labulen ta ce, "Nan za mu sa gadon yaro."

Inna ta kalli ɗan kan jaririn da ke leƙowa daga goyo. Ta tsotsi alawarta.

"'Yar nan, ki sa shi ta can ɓangaren. Nan da damina ba ya yi wa yaro daɗi."

Mijin ya ɗaga labulen. Ba su ƙara minti biyu ba suka yi sallama.

"Haba Inna," in ji Dogo bayan sun tafi, ransa a ɓace. "Ke da aka kawo ki gyara, sai ki ɓata? La'adata fa kika zubar."

"Ba maigidanku ne ya ce kada a ɓoye aibin gida ba? A gabana ya faɗa."

"Wannan ai dokar ofis ce, Inna. Nan kuwa ba ofis ba ne."

Ta yi dariya, tari ya sarƙe ta, sai da ta dafa bangon nan mai ruwa. Da yamma ta kira Auta a waya.

"Auta, ka san inda nake kuwa?"

"Inna, don girman Allah kada ki faɗa min. Don amfaninmu ne gaba ɗaya. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Ginin fa?"

"Yana nan tafe. Siminti ne ya yi tashin gwauron zabi, amma ana kai. Ki ƙara haƙuri, ai ke kin more, kullum sabon gida. Wa ya kai ki?"

Ta ce ba kowa. Suka yi dariya tare, ya ce ana kiransa a ɗaya layin.

Ran wata Asabar ta wanke ƙafa ta tafi gidansa da kanta. Jikoki suka rufe ta da murna, matar Auta ta rasa inda za ta sa ta, ta kawo wannan ta kawo wancan.

"Wallahi Inna kullum sai na ce a kai miki abinci. To direba bai san inda zai kai ba, Baban yara kuma ya hana a tambaya. Kin san shi da bin doka."

Da Inna ta tashi zuwa banɗaki sai ta tura ƙofar ɗakin nan da ake jiran mai fenti. An yi fentin, fari tas, har yana ɗaukar ido. An jingine allunan talla a ciki tun daga bango har bango, kowanne an rubuta "Na Sayarwa" da lambar ofis. Ta ja ƙofar a hankali ta koma falo, ta ci gaba da wasa da jikoki. Da la'asar matar Auta ta sa direba ya mai da ita, ta ja masa kunne ya sauke ta a mahaɗar titi, kada ya bi ta har ƙofa.

Gida na ƙarshe Mai Turare ne ya kai ta, a kan babur, katifa a tsakaninsu. Can bayan gari yake, inda kwalta ta ƙare. An gama ƙasa, an fara sama aka bari, ƙarafa a tsaye suna tsatsa. Ba wuta, famfo kuwa sai dai ya yi tari kamarta. Mai shi wata ma'aikaciyar jinya ce da ke aiki a ƙasar waje, ta gaji da aiko kuɗin gini ta ce a sayar.

"Inna, wannan in kika sayar da shi, na sara miki," in ji Mai Turare.

Amma akwai bishiya a tsakar gidan, babba mai inuwa, akwai ɗaki guda busasshe da rana ke shiga. Masu saye suka zo suka ga hanya, suka ga ƙarafa, suka juya. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, ba wanda ya taya. Tarinta ya lafa. Wata safiya tana zaune a gindin bishiyar sai wata dabara ta faɗo mata, ta yi ta dariya ita kaɗai har tsuntsaye suka tashi. In ba a sayi gidan nan ba, ai ba inda za a kai ta.

Daga nan Inna ta juya sana'arta. In Mai Turare ya kira ya ce ga masu saye nan, sai ta ajiye tsintsiya, ta baza bokitai a hanya, ta zauna ta yi kalar tausayi. In ya ɗan matsa amsa waya, ta raɗa musu, "Kun ga hanyar nan? Da damina sai da kwalekwale." Suna fita ta tashi ta share gidanta fes tana 'yar waƙa. Ta zazzage jakarta gaba ɗaya, abin da rabonta da yi tun gidan bene, ta buga ƙusoshi ta rataye tufafinta. Ta ɗaura igiyar shanya daga bishiya zuwa taga. Har ƙiba ta fara yi.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, tana shanya. Ta ji an buɗe get da makulli, wata mata ta shigo, mai matsakaicin shekaru, da tabarau da jaka a kafaɗa, tana ƙare wa gidan kallo. Inna ta ɗauka mai saye ce Mai Turare ya turo, shi yana tafe a baya. Ta yar da rigar da ke hannunta cikin bokiti, ta tare ta da fara'a.

"Sannu da zuwa, 'yar nan. Zo in gaya miki gaskiya tun kafin dillalin ya iso. Kada ki yarda ki sayi gidan nan. Kin ga saman can? Mai shi ba ta san komai a harkar gini ba, magina sun yi ta cin kuɗinta tana can tana aiko musu. An ce ma ba ta da kirki. Ruwa babu, wuta babu, macizai kuwa har gaisawa muke yi."

Matar ta cire tabarau a hankali.

"Ni ce mai gidan. Ke wace ce?"

Inna ta buɗe baki, dariya ta taso mata don abin ya kai a yi dariya, amma wannan karon ba ta yi ba. Matar ba ta jira amsa ba. Ta leƙa ɗaki ta ga katifa da tufafi a bango, ta ga risho a kicin, ta fito tana danna waya. Ta kira hukumar lasisi, ta kira Auta. Inna ta laɓe bayan bishiya ta kira Mai Turare, wayarsa a kashe. Ta kira Dogo, ya ce shi ba gidansa ba ne, ya katse.

Kafin azahar tsakar gidan ya cika. Jami'in hukuma ya zo, wani dattijo mai sanyin magana, maƙwabta suka tsaya a bakin get. Can sai ga motar Auta. Ya fito da fara'arsa ta aiki, ya gaida jami'in hannu biyu, ya gaida mai gidan har da rusunawa. Ya kalli bishiya, ya kalli igiyar shanya, ya kalli ƙarafan sama. Inna ce kaɗai bai kalla ba. Rabonta da ganinsa ido da ido an kwana biyu, ta lura ya ƙara ƙiba, rigar ta yi masa kyau.

"Ranka ya daɗe, wallahi ban san da kowa a gidan nan ba," in ji Auta. "Ko rantsuwa aka ce in yi zan yi. Ban taɓa sanin akwai mutum a nan ba."

Gaskiya ya faɗa, ya kuwa sha wahala kafin ta zama gaskiya.

"Wannan ba hujja ba ce," in ji jami'in. "Rashin sanin ma shi ne laifin. Kai ke da lasisi, kai aka ɗora wa sa ido a kan ma'aikatanka. In dai daga ofishinka makulli ya fito, ko ka sani ko ba ka sani ba, lasisinka ya tafi, ofis kuma a rufe shi." Ya juya wurin Inna, ya sassauta murya. "Iya, ba abin da za a yi miki. Gaya min kawai, wa ya sa ki a gidan nan?"

Sai a lokacin Auta ya dube ta. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, leɓensa na ƙasa yana ɗan rawa. Haka yake yi tun yana ƙarami in ya yi ɓarna ya ji takun ubansa. Inna ta sa hannu ta dafe bakin zaninta inda makullin yake, ta tura shi ciki.

"Ba wanda ya sa ni, ɗan nan. Wucewa na zo yi na ga ƙofar baya a sake, na tura na shiga. Na ga ba kowa, na ce bari in ɗan fake."

"Wannan mutumin fa, kin san shi?"

Ta kalle shi tun daga takalmi har kai, kamar mai son tunawa. Har 'yar dariya ta yi.

"Ina ni ina sanin manyan mutane? Yau na fara ganinsa."

Auta ya sauke ajiyar zuciya har sai da kowa ya ji. Nan take bakinsa ya buɗe. Ya ce dama ya sha faɗa, gidajen bayan gari sai da maigadi. Ya ce gobe-gobe zai sa a canza duk kwadunan gidan daga aljihunsa. Ya yi wa jami'in bayanin dokokin ofishinsa ɗaya bayan ɗaya, har jami'in ya gyaɗa kai ya ce da duk dillalai haka suke da an huta. Mai gidan ta ba shi haƙuri a kan zargin da ta yi masa, ya ce ba komai, ai amana ce ta kawo haka.

Inna ta shiga ɗaki ta cire tufafinta daga ƙusoshi, ta kwance igiya, ta cusa jiƙaƙƙun kaya a kan busassu. Wani maƙwabci ya taya ta fito da katifa bakin get. Ba wanda ya kore ta da zagi, kowa da ladabinsa. An kiyaye makulli, an kiyaye lasisi, an kiyaye amanar mai gida da ke wata ƙasa. Duk dokokin ofishin nan ba guda ɗaya da ta ce mutum ya san inda uwarsa take kwana, don wanda ya tsara su bai zaci sai an rubuta wannan ba.

Mai gidan ta biyo ta bakin get. Fushinta ya sauka, ta ga tsohuwa ce kawai da tukunya a hannu.

"Iya, yanzu ina za ki? Ba ki da 'ya'ya? Ba wanda za mu kira ya zo ya ɗauke ki?"

Auta yana tsaye taku kaɗan daga wurin, jami'in na gefensa, motarsa a buɗe, kujerar baya ba kowa. Inna ta ba shi lokaci. Ta gyara ɗaurin katifa, ta sake gyarawa. Yana ta juya makullin mota a yatsa.

"Babu," in ji ta.

Mai gidan ta girgiza kai, maƙwabta suka yi ta salati ƙasa-ƙasa. Auta ya ga idon mutane, ya ga dama ce ta nuna halin kirki. Ya sa hannu a aljihu, ya matso, ya danƙa mata wani abu a tafin hannu ba tare da ya dubi fuskarta ba.

"Baiwar Allah, ga wannan ki hau mota."

Inna ta karɓa hannu biyu, ta ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa mai kyauta.

"Na gode, Yallaɓai. Allah ya ƙara arziki. Allah ya jiƙan mahaifa."

"Amin," in ji Auta, ya shiga motarsa.